Yadda Ake Tsallake Shafi Ɗaya Idan Makro Yana Zagaya Shafukan Excel

Na taɓa riƙe lissafin wani dillalin albasa a nan Sakkwato, wanda yake da yara masu saye masa kaya a kasuwannin Illela, Achida, Gwadabawa, Goronyo da Tambuwal. Na buɗe wa kowace kasuwa shafinta a cikin kundi ɗaya na Excel, na ƙara shafi na shida mai suna Jimla, sannan na rubuta ɗan makro, wato jerin umarni da Excel yake gudanarwa da kansa, wanda zai bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ya tara kuɗin da aka kashe, ya zuba su a shafin Jimla. Da na danna shi karon farko, jimlar ta fito ninki biyu na abin da ke cikin littafin Alhaji, da na sake dannawa kuma sai ta koma ninki uku. Alhaji ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Malam, wanga kuɗi ina suka fito?" Laifin nawa ne, domin na ce wa makron ya zagaya dukan shafuka, shi kuwa ya ɗauki shafin Jimla a matsayin kasuwa ta shida, ya tara abin da ya riga ya tara. Wannan jagora ta ƙunshi hanyoyin hana irin haka, daga mafi sauƙi zuwa wadda ta fi jure wa hannun mutane da yawa.

Shiri kafin a taɓa komai

Abu na farko shi ne ka kwafi kundin ka ajiye a gefe da wani suna, saboda abin da makro ya goge ko ya rubuta, Ctrl da Z ba sa mayar da shi. Abu na biyu, ka adana kundin da za ka yi aiki a kai a matsayin .xlsm, wato nau'in da ya zo tare da Excel 2007 mai riƙe makro, domin idan ka adana shi a matsayin .xlsx, duk umarnin da ka rubuta zai salwanta da zarar ka rufe. Ka kuma sani cewa makro irin na VBA, wato harshen da ake rubuta makron Excel da shi, yana aiki ne a Excel na kwamfuta. Excel na waya zai buɗe kundin amma ba zai gudanar da shi ba. Idan kuma daga intanet aka sauko da kundin, Microsoft ta soma toshe makro a irin waɗannan kundaye tun 2022, don haka sai ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan fayil ɗin, ka shiga Properties, ka zaɓi Unblock, muddin ka amince da wanda ya aiko shi.

Daga nan ka danna Alt da F11 tare, tagar rubuta umarni za ta buɗe. Ka shiga Insert, ka zaɓi Module, farin fili zai bayyana. A misalin da za mu bi, kowane shafin kasuwa yana da kwanan wata a ginshiƙin A, sunan kaya a B, yawan buhuna a C, kuɗi a D, kuma layin farko kanun bayani ne.

Matakin farko: a ga abin da zagayen yake gani

Kafin ka bar makro ya rubuta ko da harafi ɗaya, ka sa shi ya faɗa maka sunayen shafukan da zai ziyarta. Ka danna Ctrl da G don buɗe ƙaramar tagar da ake kira Immediate a ƙasa, sannan ka rubuta wannan ka danna F5:

Sub NunaShafuka()
    Dim ws As Worksheet
    For Each ws In ThisWorkbook.Worksheets
        Debug.Print "|" & ws.Name & "|"
    Next ws
End Sub

Layin For Each yana cewa a ɗauki shafuka ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, kowanne a kira shi ws har a gama da shi. Sandunan da na saka a gefen sunan suna da amfani, domin su ne za su tona asirin sunan da ke da tazara a ƙarshensa, abin da ido ba ya gani a ƙasan allo. Sau da yawa a nan ne mutum zai tarar da shafukan da aka ɓoye tun tuni aka manta da su, domin zagayen ba ya ƙyale ɓoyayyen shafi, yana shiga cikinsa kamar kowane.

Mataki na biyu: tsallake shafi da sunansa

Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa sharaɗi a cikin zagayen, a ce idan sunan shafin ba Jimla ba ne, a yi aikin:

Sub TaraJimla()
    Dim ws As Worksheet
    Dim layi As Long
    layi = 2
    For Each ws In ThisWorkbook.Worksheets
        If ws.Name <> "Jimla" Then
            With ThisWorkbook.Worksheets("Jimla")
                .Cells(layi, 1).Value = ws.Name
                .Cells(layi, 4).Value = Application.WorksheetFunction.Sum(ws.Range("D2:D500"))
            End With
            layi = layi + 1
        End If
    Next ws
End Sub

Alamar <> ma'anarta "ba daidai yake da" ce. Idan zagayen ya iso shafin Jimla, sharaɗin ba ya cika, sai ya tsallake duk abin da ke tsakanin If da End If ya wuce shafi na gaba. Wanda ya saba da wasu harsunan shirya manhaja zai nemi umarnin da ke cewa a ci gaba kai tsaye, amma VBA ba shi da shi, don haka ko dai a lulluɓe aikin da If kamar yadda muka yi, ko a yi amfani da GoTo a tura zagayen zuwa wata alama da ke daf da Next. Ni na fi son If, saboda wanda zai gāji kundin a bayanka zai karanta shi ba tare da neman inda aka yi tsalle ba.

Ka lura da ws da ke gaban Range("D2:D500"). Idan ka manta da shi ka rubuta Range kawai, Excel zai ɗauka shafin da ke buɗe a allo kake nufi, sai makron ya zagaya sau biyar yana tara kuɗin shafi ɗaya, duk kasuwannin su fito da adadi iri ɗaya. Mutane da yawa suna zargin sharaɗin tsallakewa da cewa bai yi aiki ba, alhali wannan mantuwar ce ta ci su.

Inda suna yake yaudara

Wannan sharaɗi yana kwatanta haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙa'idarsa ta asali yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Idan wani ya sake rubuta sunan shafin ya zama JIMLA ko jimla, layin ThisWorkbook.Worksheets("Jimla") zai ci gaba da gano shafin, domin shi bai damu da girman baƙi ba, amma sharaɗin If zai ce wannan ba Jimla ba ne, ya bar shi ya shiga lissafi. Ba za a ga wani saƙon kuskure ba, adadin ne kawai zai kumbura. Maganin wannan shi ne a share tazarar gefe kuma a mayar da sunan ƙananan baƙaƙe kafin a kwatanta:

If LCase(Trim(ws.Name)) <> "jimla" Then

Ana kuma iya rubuta Option Compare Text a can saman filin, kafin kowane Sub, sai duk kwatancen da ke wannan filin ya daina kula da girman baƙi.

Akwai wata matsala da ta shafe mu masu rubuta Hausa musamman. Excel yana karɓar sunan shafi mai ƙugiya, kamar Taƙaitawa ko Kuɗi, ba tare da gardama ba, amma tagar rubuta umarnin VBA ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan ka manna "Taƙaitawa" a cikinta, alamar tambaya ce za ta maye gurbin ƙ, kuma sunan da ke cikin sharaɗin ba zai taɓa dacewa da sunan shafin ba. Ana iya haɗa harafin da lambarsa ta hanyar ChrW: lambar ƙ ita ce 409, ta ɗ 599, ta ɓ 595. Sai sharaɗin ya zama haka:

If ws.Name <> "Ta" & ChrW(409) & "aitawa" Then

Yana aiki, sai dai ba ya da daɗin karantawa, kuma ba na ba da shawarar mu cire ƙugiya daga sunayen shafukanmu don mu faranta wa tsohuwar taga rai. Hanyoyi biyu da za su zo nan gaba sun kawar da wannan damuwa gaba ɗaya.

Mataki na uku: idan shafukan sun fi ɗaya

Bayan wata guda Alhaji ya nemi a ƙara shafin Farashi, inda ake rubuta kuɗin buhu na kowane mako, shi ma kuma ba kasuwa ba ne. A nan ne kusan kowa yake yin kuskure ɗaya, domin a bakinmu muna cewa "idan ba Jimla ba ne ko Farashi", sai hannu ya rubuta Or:

If ws.Name <> "Jimla" Or ws.Name <> "Farashi" Then

Wannan sharaɗi yana cika a kan kowane shafi. Ka gwada shi da shafin Jimla: ɓangaren farko ƙarya ne, amma ɓangare na biyu gaskiya ne tunda Jimla ba Farashi ba ne, Or kuwa gaskiya ɗaya ta ishe shi. Haka zai faru idan aka iso Farashi. Abin da ake buƙata shi ne And, wato shafin ya kasance ba wannan ba ne kuma ba wancan ba ne. Idan shafukan sun kai uku ko huɗu, layin zai yi tsawo har ya fita daga allo, sai a koma ga Select Case wanda ya fi tsabta:

For Each ws In ThisWorkbook.Worksheets
    Select Case LCase(Trim(ws.Name))
        Case "jimla", "farashi", "bashi"
            'wadannan a kyale su
        Case Else
            Debug.Print ws.Name
    End Select
Next ws

Aikin da kake son yi zai shiga ƙarƙashin Case Else, a inda na saka Debug.Print. Layin da ya soma da waƙafin sama bayani ne ga mai karatu, Excel ba ya gudanar da shi, kuma na rubuta shi ba ƙugiya saboda dalilin da ya gabata.

Wasu suna tsallakewa da lambar matsayi, su ce a soma zagaye daga shafi na biyu tunda Jimla shi ne na farko. Ban yarda da wannan hanya ba, domin ja ɗaya da linzami ya isa ya sauya jerin shafukan.

Mataki na huɗu: sunan da hannu ba ya kaiwa

Kowane shafi yana da suna biyu. Akwai wanda ake gani a ƙasan allo, wanda kowa zai iya danna shi sau biyu ya sauya, akwai kuma na ciki da ake kira CodeName, wanda ake gani a tagar VBA. Idan ka dubi jerin da ke hagun tagar, za ka ga kowane shafi da suna kamar Sheet6, sannan sunan da aka sani a gefensa cikin baka. Sheet6 ɗin shi ne sunan ciki, kuma ba ya motsawa ko an sauya na waje, ko an ja shafin zuwa wani wuri.

Ka danna shafin Jimla a wannan jeri, ka danna F4 don buɗe tagar Properties. Layin farko can sama, wanda kalmar Name take cikin baka, shi ne sunan ciki. Ka goge Sheet6 ka rubuta shJimla. Kada ka rikita shi da wani layin Name da ke ƙasa ba tare da baka ba, domin shi wannan sunan waje ne. Ka yi wa Farashi haka, ka kira shi shFarashi. Yanzu makron zai zama:

Sub TaraJimla()
    Dim ws As Worksheet
    Dim layi As Long
    layi = 2
    shJimla.Range("A2:D100").ClearContents
    For Each ws In ThisWorkbook.Worksheets
        Select Case ws.CodeName
            Case "shJimla", "shFarashi"
            Case Else
                shJimla.Cells(layi, 1).Value = ws.Name
                shJimla.Cells(layi, 4).Value = Application.WorksheetFunction.Sum(ws.Range("D2:D500"))
                layi = layi + 1
        End Select
    Next ws
End Sub

Da wannan, ko yaron shago ya wayi gari ya sauya sunan shafin zuwa Jimillar Kuɗin Damina, da ƙugiyarsa da komai, makron zai gane shi ya tsallake shi, kuma zai san inda zai zuba sakamako. A tsarin farko kuwa, sauya sunan zai sa makron ya tsaya da saƙon kuskure mai lamba 9, wanda ke nufin an nemi shafin da babu shi. Na ƙara layin ClearContents a farko don a share tsohon sakamako, saboda idan aka rufe wata kasuwa aka cire shafinta, layin ƙarshe na jiya zai zauna a wurin yana ƙara wa jimla abin da ba nata ba. Idan shafi ɗaya tak ake tsallakewa, akwai gajeriyar hanya, wato If Not ws Is shJimla Then, wadda take kwatanta shafin kansa maimakon sunansa.

Iyakar wannan hanya guda ce da ya kamata a sani. Kiran shJimla kai tsaye yana aiki ne idan makron yana zaune a cikin kundin da shafin yake. Idan ka ajiye makron a wani kundi dabam kana gudanar da shi a kan wannan, to sai ka tsaya ga kwatanta ws.CodeName da rubutu, kuma ka sauya ThisWorkbook zuwa ActiveWorkbook, domin ThisWorkbook kullum kundin da ke ɗauke da makron yake nufi. Haka nan idan aka goge shafin Jimla aka buɗe sabo da suna iri ɗaya, sunan cikinsa zai zama sabo, sai an koma an sake raɗa masa.

Mataki na biyar: jerin da mai kundi zai iya gyarawa da kansa

Ka ɗauka ma'aikaci ne yake tattara rahoto daga ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, kowace da shafinta, daga Binji zuwa Yabo, kuma kowane wata akwai waɗanda ba su aiko da nasu ba, ana so a bar su a waje. Bai dace a ce kullum sai an buɗe tagar VBA an gyara umarni ba. Gara a buɗe shafi mai suna Saiti, a raɗa masa sunan ciki shSaiti, a jera sunayen shafukan da za a tsallake a ginshiƙin A, har da Saiti kansa da Jimla, sannan sharaɗin ya duba jerin:

If IsError(Application.Match(ws.Name, shSaiti.Range("A1:A40"), 0)) Then

Match yana neman sunan shafin a cikin jerin. Idan bai same shi ba sai ya dawo da kuskure, IsError ya ce gaskiya ne, aikin ya gudana. Idan ya same shi, an tsallake shafin. Dole ne a rubuta Application.Match, domin idan aka rubuta WorksheetFunction.Match, rashin samun sunan zai tsayar da makron cak. Wannan hanya ba ta kula da girman baƙi, kuma tunda sunayen suna cikin gurbin Excel, ƙ da ɗ suna zama yadda suke. Abin lura ɗaya shi ne shafin da sunansa lamba ce zalla, kamar 2024: sunan shafi rubutu ne, abin da ka buga a gurbi kuwa Excel zai ɗauke shi adadi, ba za su dace ba sai ka sa waƙafin sama a gabansa lokacin bugawa.

Ga wanda ba ya son ƙarin shafi, ana iya yin yarjejeniya cewa duk shafin da ba na bayanai ba ne sunansa zai soma da layin ƙasa, kamar _Jimla da _Farashi, sai sharaɗin ya zama If Left(ws.Name, 1) <> "_" Then. Tana da sauƙi, amma ta dogara ga kowa ya tuna da yarjejeniyar. Ɓoyayyun shafuka kuma ana ƙyale su da ƙara And ws.Visible = xlSheetVisible a kan sharaɗin.

Worksheets da Sheets ba ɗaya ba ne

Za ka ga wasu suna rubuta Sheets a inda na rubuta Worksheets. Sheets ya haɗa har da shafukan da zanen ƙididdiga ne kaɗai a cikinsu, waɗanda ba su da gurabe. Idan ka ayyana ws As Worksheet sannan ka zagaya Sheets, ranar da wani ya ƙara irin wannan shafin makron zai tsaya da kuskure mai lamba 13. Muddin gurabe kake karantawa ko rubutawa, ka riƙe Worksheets.

Idan aikin gogewa ne

Wani lokaci manufar ita ce a share dukan shafuka a ƙarshen kakar albasa, a bar Jimla da Farashi. Shafin da aka goge ba ya dawowa, don haka a nan ne gwajin Debug.Print ya zama wajibi: ka gudanar da zagayen da shi tukuna, ka karanta sunayen da suka fito da idonka, ka tabbata babu wanda kake so a cikinsu. Bayan haka sai ka yi gogewar daga ƙarshe zuwa farko, domin idan ka soma daga farko da lambar matsayi, kowane shafi da aka cire zai sa na bayansa su matso, zagayen ya riƙa tsallake wasu har ya nemi lambar da babu ita:

Sub ShareKasuwanni()
    Dim i As Long
    Application.DisplayAlerts = False
    For i = ThisWorkbook.Worksheets.Count To 1 Step -1
        Select Case ThisWorkbook.Worksheets(i).CodeName
            Case "shJimla", "shFarashi"
            Case Else
                ThisWorkbook.Worksheets(i).Delete
        End Select
    Next i
    Application.DisplayAlerts = True
End Sub

Layin DisplayAlerts = False yana hana Excel tambayarka a kan kowane shafi ko ka tabbata, don haka kada ka saka shi sai ka gama gwaji. Idan shafin Jimla yana da lissafin da ke jan adadi kai tsaye daga shafukan kasuwanni, gogewar za ta mayar da waɗannan gurabe #REF!, saboda haka ka kwafe su ka manna a matsayin adadi zalla tun kafin ka soma.

Gwajin ƙarshe kafin miƙa kundi

Ka sa alamar rubutu a cikin makron ka riƙa danna F8, wanda yake gudanar da layi ɗaya a kowace dannawa, layin da ake kai yana haskawa da ruwan ɗorawa. Idan ka ɗora linzami a kan ws.Name, sunan shafin da ake ciki zai bayyana, kuma za ka ga da idonka yadda hasken yake tsallake aikin idan an iso Jimla. Daga nan ka yi wa kundin abin da masu amfani da shi za su yi masa: ka sauya sunan Jimla, ka ja shi zuwa tsakiya, ka ƙara sabuwar kasuwa kamar Wurno, ka gudanar da makron sau biyu a jere. Adadin da ya fito a karo na biyu dole ne ya zama daidai da na karon farko, kuma ya dace da abin da ka samu idan ka tara ginshiƙin D na kowace kasuwa da kalkuleta.